Sunan da Ya Fi Fuska Shahara: Bilkisu Ahmed Funtuwa da Matsayin Marubuciya a Idon 'Yan Jarida

Manazarta adabin Turai kan danganta gudun suna da halin marubuci shi kaɗai, kamar yadda ake faɗa game da J. D. Salinger na Amurka, wanda ya daina fitar da sabon rubutu tun 1965. Wannan ma'auni bai dace da marubuciya Bahaushiya ba, domin ita janyewarta daga idon jama'a ta fi alaƙa da irin tarbar da jaridu suka yi wa aikinta.

Bilkisu Ahmed Funtuwa misali ce mai kyau. Littattafanta, irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda da Ni, sun ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1990, tun daga rumfunan birnin Kano har ɗakunan matan aure a garuruwan noman rani kamar Kura da Bunkure. Duk da haka tana zaune a Funtuwa, nesa da cibiyar ɗab'i da hayaniyarta, kuma masu karatu sun fi saninta da laƙabin "Anti Bilki". Laƙabin ya ba ta kusanci irin na 'yar uwa ba tare da ya fito da ita dandali ba.

A daidai wannan lokaci ne shafukan Nasiha, daga baya kuma New Nigerian Weekly, suka zama fagen muhawara kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Abin lura shi ne mafi yawan masu muhawarar maza ne 'yan boko, kuma rabin zancen da Ingilishi aka yi shi, alhali mata ne kan gaba wajen karanta littattafan. Zargin ɓata tarbiyya kuwa, idan ya faɗa kan matar aure, ba ya tsayawa a kan littafinta. Yakan isa gidan mijinta da na iyayenta.

Whitsitt (2003) ya siffanta rubutun Funtuwa da tawaye cikin taka-tsantsan. Wannan nazari na ganin taka-tsantsan ɗin bai tsaya a jigo ba, ya shafi yadda marubuciyar ta sarrafa sunanta. Abin da ya biyo baya ya nuna hatsarin na gaske ne: a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a Kano, a 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita.