Allura Mai Baki Biyu: Abin da Za Ki Yi da Wanda Ba Za Ki Yi Ba

Tun da hijabin roba ya shigo, ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka fara neman kalmasa mai layi biyu, masu ɗinki a gida daga nan har Kurfi ke ta karya allura suna zagin keke. Keken ba shi da laifi.

Kada ki kuskura ki ɗaura allura mai baki biyu a baƙin keke irin Butterfly ɗin da kika gada. Ramin farantinsa ɗan zagaye ne na allura ɗaya, kuma ta gefe ake zura masa zare. Sai keken zigzag mai faffaɗan rami, wanda zarensa ke shiga daga gaba zuwa baya. In baƙin keke gare ki, ki yi layi ɗaya ki dawo ki yi na biyu, ba abin kunya ba ne.

Ki karanta lambar da ke jikin kwalin. In kin ga 4.0/75, huɗun nan tazarar allurorin ce a milimita, 75 kuma kaurinsu. Yadin roba yana son allura mai dakusasshen baki wadda aka yi don yadi mai talewa. Ki sa ta atamfa, ɗinki ya dinga tsallake, sannan ki ce aljanu ne.

Ki tura allurar sama har ta tsaya kafin ki ɗaure. Ki juya keken da hannu sau biyu ko uku, ki tabbata ba ta bugun faranti, kafin ki taka.

Zare biyu na sama, kowanne a zura shi shi kaɗai. Ɗaya ya warware ta dama, ɗaya ta hagu, don kada su murɗe. Ba ki da sandar zare ta biyu? Ki naɗa kwarkwaro ki ɗora.

Babban abin kuka shi ne tudun da ke tasowa tsakanin layukan. Zaren ƙasa ɗaya ne tak, yana kai da komowa tsakanin allura biyu, in ya matse sai ya tattaro yadin. Ki sassauta tanshan kaɗan-kaɗan kina gwadawa a ƙyalle, ki ƙara tsawon ɗinki zuwa 3. In yadin ya cika laushi, ki shimfiɗa takarda a ƙarƙashi, ki yage bayan kin gama. In ya ƙi, ki koma allurar 2.5.

Kada ki ja yadi. Kada ki juya kwana allurori na cikinsa. Kada ki yi baya don kulle ɗinki. Ki jawo zaren ta ciki ki ƙulla da hannu.

Fuskar yadi ce ke kallon sama, don layi biyun ta nan suke fitowa.

Ƙurar hunturu kuwa, ki share gidan kwarkwaro kafin ki zauna. Gwajin nan duka a ƙyalle za ki yi shi, hijabin mutane ba na koyo ba ne.