Wa ke Riƙe da Makullin Kwamfutocin Ofishinka?

An kira ni wani babban shagon sayar da magunguna na sari, aka ce kwamfutocinsu sun ƙi buɗe komai. Da na je na tarar an kulle fayilolin sabar kakaf, ga saƙo a kan allo ana neman kuɗin fansa da Bitcoin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayanin akawunsu. Ya ce tun makonni da suka wuce yakan ga kibiyar linzami tana yawo da kanta a kan allo, tana buɗe wannan tana rufe wancan. Ya faɗa wa maigidan, Alhaji ya ce: "Bar shi, injiniya ne yake aiki daga gida."

Wane injiniya? Wanda ya haɗa musu kwamfutocin ya bar aikin sama da shekara, sun rabu baram-baram kan kuɗi. Shi ya sanya AnyDesk a kowace kwamfuta, ya kunna shiga ba tare da neman izini ba, da kalmar sirri guda ga dukkansu, sunan shagon da 123 a ƙarshe. Yaransa duka sun santa. A sabar kuma ya bar RDP a buɗe ga intanet ta ƙofar 3389, don kada ya riƙa shan wahalar zuwa. Na tambayi Alhaji ko an canza kalmar bayan tafiyarsa. Ya dube ni ya ce: "Injiniya, ashe ana canzawa?"

Ban ɗora wa mutumin satar ba, domin bayanan shiga sun nuna ta RDP aka kutsa, daga adireshin wata ƙasa. Amma shi ya bar ƙofar. Faifan ajiyar da suke taƙama da shi kuma a jone yake da sabar dare da rana, don haka shi ma an kulle shi. Lissafin masu bashi ya tafi gaba ɗaya. Dattijon nan da furfurarsa ya koma bin kwastomomi a waya yana tambayarsu nawa yake binsu. Kowa ya san irin amsar da zai samu.

Manhajar AnyDesk ba ta da laifi. Da ita nake gyara kwamfutocin ofisoshi ba tare da na motsa daga kujera ba. Amma duk wanda ya iya shiga ta nan, ofishin nasa ne. Manyan ma ba su tsira ba. A Yulin 2021 ƙungiyar REvil ta bi ta manhajar Kaseya VSA ta kulle kamfanoni wajen 1,500, har shagunan Coop kusan 800 a Suwidin suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗinsu sun tsaya. A farkon 2024 kamfanin AnyDesk da kansa ya sanar an yi masa kutse, ya soke kalmomin sirrin masu amfani da shafinsa. Ina ga wanda ya sauke TeamViewer na bogi daga wani shafi don gudun kuɗin lasisi?

'Yan ci-da-ceton nan da ke kiran kansu injiniyoyi bayan kwas na wata uku, su ma ku ji tsoron Allah. Ka sa wa mutum hanyar shiga kwamfutarsa ba ka faɗa masa ba, ka tafi da ita a aljihu, wannan cin amana ne.

Ranar da ma'aikaci ko injiniya ya bar ku, a ranar za a canza kalmar sirri. A ranar, ba gobe ba. Kowace kwamfuta da tata, a kunna tantancewa mai mataki biyu, RDP kuma ya koma bayan VPN. Faifan ajiya a cire shi bayan an kwafa. Wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, ka sauke AnyDesk ka karanto masa lambar da ke allo, ɓarawo ne, kashe wayar. Windows 7 kuwa a rabu da ita, domin tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da ita.

Kuma in kun ga kibiya tana yawo babu wanda ya sanar da ku zai shiga, ku zare wayar intanet kafin ku fara tambaya. Alhaji, Hajiya, gobe da safe ku sa a rubuto muku sunan duk wanda zai iya shiga kwamfutocinku daga nesa, wanda ba ku yarda da shi ba a cire shi a gabanku.