Shigar Mai Goge da Ɗaukar Hoto

Tambaya: Ina son in yi shigar wani jarumin wasan kwamfuta mai kaɗa gogen Turawa, a ɗauke ni hoto. Tela ya gama ɗinki, amma na rasa gogen a Maradi. Ya zan yi?

Amsa: Ɗana, bar wahalar da kanka. Nemi gogenmu na gida. Na Turawa tsirkiya 4 gare shi, ana tokare shi ƙarƙashin haɓa. Namu tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki, a kan ƙwarya da aka rufe da fata, kuma wallahi ya fi kyau a hoto, domin ƙwaryar da hannu ya daɗe yana shafa tana da sheƙin da ba a saye a kanti.

Ka je wurin mai goge da kanka, ka gaishe shi, ka biya kuɗin aro, ka roƙe shi ya nuna maka riƙo. Wanda ya san goge, da ganin yatsunka zai gane ko wasa kake yi. Wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi.

Ka sani kuma, a ƙasar nan mutane da yawa suna danganta goge da bori. Faɗa wa iyayenka kafin hoton ya hau Facebook, kada su ji a bakin maƙwabta.

Wurin ɗauka kuwa, lambunan Jiratawa bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. In ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri kake so, sai dogarai sun ba ka izini tukuna.