Takalmin Ƙarfe Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

'Yan'uwa manoma, a ƙungiyoyinmu na Dutsin-Ma da Kurfi akwai waɗanda hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsu ya shanye. Da yawa sukan tashi, amma tafin ƙafar yakan saki. In an ɗaga ƙafa sai yatsu su ja ƙasa, ga tuntuɓe, ga faɗuwa. Saboda haka likita kan ba da takalmin ƙarfe, ko na roba mai tauri, wanda ke riƙe idon sawu daga sha-raɓa zuwa tafin ƙafa. Ana auna mutum a yi masa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Abin da ke damunmu shi ne, bayan 'yan watanni sai a rataye takalmin a bango, wai kunya, wai shi ke hana ƙafa ƙarfi. Ba haka ba ne. Zaman tabarma ke kashe ƙafa. Sauƙi ya fi zuwa cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, amma mai tafiya kullum yakan ci gaba da samu, ko da zai yi shekaru da takalmin.

A fara a tsakar gida inda ƙasa take daidai. Sanda a hannu mai lafiya za a riƙe ta, mai taimako kuwa ya tsaya ta ɓarin da ya shanye, kada ya ja hannun, gama kafaɗar tana iya gocewa. In za a hau dakali, ƙafa mai lafiya ce gaba. Wajen sauka, marar lafiyar. Kunyar gona da taɓon damina su jira tukuna.

A sa safa a ciki, a ɗora takalmi sau-ciki, ban da silifa. Kowane dare a duba diddige da idon sawu, domin ƙafar da ta shanye ba ta cika jin zafi ba. In an ga sawun takalmin a fata bai ɓace cikin rabin awa ba, ko fata ta saluɓe, a koma asibiti. Maƙerinmu gwani ne a kan garma, amma kada a kai masa wannan.

Ƙungiya ta ɗauki kuɗin mota daga asusu, ta yi wa ɗan'uwa gayya, ta kuma sa mutum biyu su riƙa zagayawa da shi da yamma. Maganin hawan jini kada ya yanke. A riƙa awo a Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi.