Dabbar daji ba ta gida ba ce

A Arlit da Akokan da Agadez akan sami gidajen da ake tsare ɗan barewa, ko biri, ko kunkuru. Wasu kyauta aka ba su. Wasu kuma saye suka yi don yara su yi wasa. Bari mu duba abin da wannan al'ada take jawowa.

Na farko, lafiyarmu. Biri yana da ban sha'awa yana ƙarami, amma idan ya girma yakan yi cizo. Cizonsa yana iya sa wa mutum cutar haukan kare, wadda ba ta da magani da zarar alamunta sun bayyana. Kunkuru kuwa, ko da lafiyarsa lau, kashinsa yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ne suka fi shiga haɗari, domin sukan taɓa shi su kai hannu baki.

Na biyu, dajinmu. A shekara ta 1988 gwamnati ta keɓe gandun dajin Azbin da Tenere, gabas da Arlit, don kare namun daji. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Barewa takan haifi ɗa ɗaya tak a kowace haihuwa. Saboda haka duk ɗan da aka kawo gari, garke ne aka rage. Jimina ta ishe mu darasi. A da tana yawo cikin kwaruruwan Azbin, amma farauta ta ƙarar da ita. Waɗanda suka rage sai cikin shinge aka ci gaba da kiwonsu, a Iferwan da Kelle.

Na uku, doka. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Kama dabbar daji sai da izinin hukuma.

To, mene ne abin yi?

1. Kada mu saya. Idan babu mai saye, mai kamu zai daina.

2. Idan muna da irin wannan dabba, kada mu sake ta da kanmu. Mu nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.

3. Idan ta ciji wani, mu wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan mu garzaya asibiti a ranar.

Mai sha'awar kiwo, ga akuya, ga zabi, ga tantabaru. Su ne na gida, kuma su ne masu riba.