Lafiyar Zuciyar Yaro: Daga Aji Zuwa Bakin Ƙofar Makaranta

Hawan jini da ciwon zuciya ba sa faɗo wa mutum dare ɗaya. Harshen da ya saba da yawan gishiri da zaƙi tun yana ɗan shekara 7, da wuya ya rabu da su idan ya kai 40. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa darasin kula da zuciya ya dace da makarantun boko da na Islamiyya, a Katsina ko Maraɗi, a Illela ko Birnin Ƙonni.

Abin da ya kamata ɗalibi ya koya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, na yaro kuma ya gaza haka. A cikin wannan lissafi har da gishirin da ke ɓoye cikin dunƙulen miya da taliyar leda. Ta kuma ce yara daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ƙwallo, langa, 'yar gala-gala da tafiya makaranta a ƙasa duk sun shiga ciki, kuma 'yan mata na da haƙƙi a kai kamar maza.

Rabon masu sayarwa

Malami yana magana a aji, amma lokacin tara, abin da ke kan faranti a bakin ƙofa shi yaro zai saya. Kwalbar lemo ta rabin lita kan ɗauki sukari fiye da cokalin shayi 10. Ku da kuke sana'a kusa da makaranta, ku sa gyaɗa, aya, dafaffen ƙwai, alale, ɗanwake, goba da mangwaro a gaba. Ku rage sukari a zoɓo da kunun aya, ku daina maimaita man suya har ya yi baƙi. Kada ku sayar wa yaro taba ko da an aiko shi. A Najeriya, dokar taba ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Ciwon maƙogwaro ba abin rainawa ba ne

Akwai ƙwayar cuta mai kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma tana yaɗuwa inda ake cunkoso. Idan ba a magance ta ba, bayan makonni kaɗan tana iya jawo zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, daga baya ta lalata ƙofofin zuciya har ƙarshen rayuwa. Maganinta, irin su fenisilin, ba shi da tsada. Malamin da ya ga ɗalibi da zazzaɓi da zafin haɗiya ya sanar da iyaye a ranar. Iyaye kuma su kai shi asibiti, ba wurin wanzami don cire beli ba, kuma ya shanye maganin duka ko da ya ji sauƙi.

Rabon gida

Iyaye, ku tambayi yaro abin da ya saya da kuɗin tara. Ku ba shi gorar ruwa mai tsabta ya tafi da ita. Uwargida ta rage dunƙule a hankali, ta ƙara daddawa, albasa da citta, ta yawaita zogale da rama. A taron iyaye da malamai, ku nemi a bar wa yara filin wasa da lokacinsa. Rigakafi ya fi magani.