Fashin Makaranta a Karkarar Katsina: Waiwaye Daga Sukuntuni

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yaran da sunayensu ke cikin rajista amma ƙafarsu ba ta zama a aji ba. An ɗauki Sukuntuni a matsayin madubi, aka nuna inda lissafin halarta ke ɓoye matsalar, da dalilanta, da matakan da makarantar ƙauye za ta iya ɗauka da abin da ke hannunta.

1.0 Gabatarwa

Sukuntuni mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda ke maƙwabtaka da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina. Noma da kiwo su ne ƙashin bayan rayuwar yankin. Tun daga shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 har zuwa Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, hankalin hukuma ya fi karkata ga shigar da yara. Shirin BESDA na Bankin Duniya, wanda Katsina ke cikin jihohi 17 da suka amfana da shi, a kan wannan turba ya tafi. To amma rubuta suna daban, zama a aji daban. Yaron da ke zuwa yau ya yi fashi gobe ba ya cikin ƙidayar waɗanda ba sa makaranta, don haka babu mai neman sa.

2.0 Ma'anar Fashin da Ya Zama Jiki

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Chang da Romero (2008) suka fito da shi fili a Amurka: ɗalibin da ya rasa kashi 10 cikin 100 na ranakun karatu, da uzuri ko babu, fashinsa ya zama jiki. A shekarar karatu mai kwana 180 zuwa 190, wannan bai wuce kwana 18 ko 19 ba, wato kwana biyu a wata. Ke nan yarinyar da ke barin aji kowace ranar kasuwa don ta kai tallar ƙosai ta ninka wannan ma'auni, domin kwana ɗaya cikin biyar kashi 20 ne.

Abin lura shi ne yadda jimillar halarta ke yaudarar mai duba. A ɗauki aji mai yara 50 da ake samun 45 kullum. Malami zai rubuta kashi 90, mai duba makarantu ya sa hannu ya wuce. Sai dai waɗannan kujeru biyar na iya zama na yara goma da kowannensu ke rasa rabin zango. Idan haka ne, ɗaya cikin kowane yara biyar na ajin yana kan hanyar barin karatu, alhali takarda na cewa lafiya lau. Rajistarmu ana karanta ta daga sama zuwa ƙasa don a fitar da jimillar rana. Da wuya a bi layin yaro guda daga hagu zuwa dama.

3.0 Dalilai

Babban dalili a yanki irin wannan shi ne karon da ke tsakanin kalandar makaranta da ta gona. Zango na uku yana cin watannin Yuni da Yuli, lokacin shuka da noman farko da maimai. Zango na farko kuma yana buɗewa a Satumba, daidai da girbin gero, sannan roron wake da cirar gyaɗa da yankan dawa su biyo baya har Nuwamba. Hutun Agusta kaɗai ya faɗo cikin damina. Magidancin da ba shi da kuɗin ƙwadago ba shi da 'yan aiki sai 'ya'yansa, kuma idan ciyawa ta ci gona ba a rama ta a zango mai zuwa. A ganina kuskure ne a kira wannan ƙin boko. Uban nan lissafi ya yi, kuma sau da yawa lissafin nasa daidai ne, musamman idan ɗansa ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba.

A waɗannan watanni ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke tsananta. Maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya shafa, 'yan firamare ba sa ciki. Yarinya kuwa fashinta biyu ne: ranar da ta kwanta, da ranar da ƙaninta ya kwanta aka bar mata raino. Idan ta fara girma, rashin banɗaki mai sutura ya ƙara mata wasu kwanakin a kowane wata.

Sai batun tsaro. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, ya zo ne jim kaɗan bayan doguwar rufewar korona, ya kuma jawo wata rufewar a jihar. Tun daga nan jita-jita kaɗai kan isa ta hana uwa sakin ɗanta ya bi hanyar gona zuwa makarantar wani ƙauye.

Akwai dalilin da ba a cika son faɗa ba, wato fashin malami. Yaron da ya taka kilomita uku ya tarar da aji babu kowa, gobe ba sai an hana shi ba.

4.0 Matakan Gyara

Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga iyaye: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu. Wannan ya yi kama da zamanin En'e, lokacin da ake ɗora wa dagaci adadin yaran da zai kawo, iyaye kuma na ɓoye nasu a rumbu. Tilas ta cika rajista a wancan lokaci, ba ta sa an so makaranta ba.

Abubuwan da aka gwada aka ga amfaninsu masu sauƙi ne. A Busiya ta ƙasar Kenya, Miguel da Kremer (2004) sun gano cewa raba maganin tsutsar ciki a makarantu ya rage fashi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A Udaifur ta Indiya, da aka ɗaure albashin malamai da hoton da suke ɗauka tare da ɗalibai safe da tashi, fashinsu ya sauko daga kashi 42 zuwa 21. Shirin Progresa na Meziko, tun 1997, ya sa sharaɗin halartar kashi 85 kafin uwa ta karɓi tallafi, kuma irin wannan tunani ne ke cikin tallafin 'yan mata na shirin AGILE da Katsina ta shiga tun rukunin farko. Ciyarwar da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ta ja yara, sai dai 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai ta shafa, kuma duk ranar da tukunya ta tsaya aji kan rage.

Duk waɗannan sai da kuɗin gwamnati. Abin da shugaban makaranta a Sukuntuni zai iya farawa ranar Litinin shi ne bin layin kowane yaro. A ƙarshen mako biyu, malamin aji ya fitar da sunan duk wanda ya yi fashin kwana biyu, a miƙa wa kwamitin kula da makaranta, inda mai unguwa da liman ke da kujera. Gidan da namiji ba zai shiga ba, ƙungiyar iyaye mata ta shiga. Tambayar da za a kai ita ce "Lafiya ba mu ga wance ba?", domin amsar ce za ta nuna ko magani ake bukata, ko sabulu da inifom, ko a roƙi a mayar da tallar bayan azahar.

Na biyu shi ne daidaita lokaci, kuma wannan sai da yardar hukumar SUBEB. Makarantar allo ta daɗe da gane haka: karatunta na asuba ne da yamma da dare, ta bar hantsi ga gona. Babu abin da zai hana a ba makarantun karkara izinin sauya sa'o'insu na mako huɗu ko biyar a tsakiyar noma da kaka, a shiga bayan an dawo daga gona, a kuma yi zama da alarammomin gari don kada lokutan biyu su ci karo. Awa uku da yara 45 a aji sun fi awa biyar da yara 20.